SHIGA INDIYA TA ƘARAMAR ƘOFA

Idan aka ambaci Indiya a gaban 'yar Bahaushe, abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne Bombay, garin 'yan fim, wanda tun 1995 aka mayar da sunansa Mumbai, sai kuma Delhi inda fadar gwamnatinsu take. Ba abin mamaki ba ne, da finafinansu muka tashi, tun yayyenmu maza na zuwa silima su dawo su ba mu labari har kaset na bidiyo ya shigo ɗakunanmu, wata ma gani take ko yau aka ajiye ta a tsakiyar Indiya ba ta neman tafinta. To amma yanzu ba kallo kaɗai ya haɗa mu da ƙasar nan ba. Da wuya ki gama zagaya unguwarku ba ki ji gidan da aka fita da wani Indiya neman magani ba, wannan ƙoda, wancan zuciya, waccan ciwon daji ko na ƙashi. In kuwa aka tashi neman mai jinya, ai kin san inda ido yake faɗawa, ko matar, ko 'yar, ko ƙanwar. Mace ce za ta riƙe jakar magani, ita za ta kai bayi, ita za ta kwana zaune. Amma da an zo maganar ta wace hanya za a bi, a wane gari za a sauka, sai a ce wannan ba huruminta ba ne, maza sun gama magana da mai tikiti. Ni kuwa na ce huruminta ne, don wahalar hanyar a wuyanta take ƙarewa.

A ƙarshen shekarar 2023 ne Allah ya nufe ni da raka mahaifiyata aikin ƙugu. Shekara uku Inna tana fama, tun tana dogara sanda har ta kai daga ɗaki zuwa tsakar gida sai an riƙe ta. Likitanta ya haɗa mu da wani asibiti a garin Koci, cikin jihar Kerala, can ƙarshen kudancin Indiya a bakin teku. Da aka ce Koci sai muka dubi juna, don a gidanmu babu wanda ya taɓa jin sunan. Inna ta ce, "Ni dai Indiya aka ce da ni, wannan kuma wace ƙasa ce?" Ƙanina, wanda shi ne namijin tafiyar, ya buɗe taswira a waya ya nuna mana. Ashe daga Delhi zuwa Koci ya haura kilomita 2,000, wato ya ninka nisan Kano da Legas. Wanda ya sauka Delhi alhali Koci za shi, bai iso ba tukuna, da sauran aiki a gabansa.

Abu na farko da ya kamata ki sani, babu jirgin da zai ɗauke ki daga Kano ko Abuja ya dire ki Indiya ba tare da kin canza wani ba. Dole a yada zango. Hanyoyin kuwa kashi biyu ne. Akwai wadda nake kira babbar ƙofa, wato ki bi jirgin Habasha, ki canza a Adis Ababa, ya sauke ki a Mumbai ko Delhi, ko Bangalor ko Cennai, daga nan ki nemi jirgin cikin gida ya ƙarasa da ke. Akwai kuma ƙaramar ƙofa, wato ki bi ta ƙasashen Larabawa, ko Doha ko Dubai ko Jidda, daga can jirgi ya kai ki Koci kai tsaye. Jirgin Qatar Airways ya fara sauka Kano a 2022, bayan Legas da Abuja da yake zuwa. Emirates na Dubai ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, sai a Oktoban 2024 ya dawo Legas. Irin wannan canje-canje ba ya ƙarewa a harkar jirage, saboda haka duk ranar da tafiya ta taso a sake tambaya, kada a dogara da labarin wanda ya je bara.

To me ya raba ƙofofin nan biyu? A ƙa'idarsu, garin da kika fara sauka a Indiya nan za a buga miki fasfo, nan za ki kwashi kayanki kaf ki wuce da su ta gaban 'yan kwastan. In tafiyarki ba ta ƙare ba, sai ki sake kai kayan awo, ki sake bin layin bincike. A Delhi da Mumbai kuma sau da yawa jirgin cikin gida a wani gini daban yake, sai an shiga mota an kai ki. Sannan ga maganar nauyi. Daga gida akasari an yarje miki akwati biyu, kowane kilo 23, amma jiragen cikin gida na Indiya yawancinsu kilo 15 suke ɗaukar wa mutum, in tikitinki biyu ne daban-daban, abin da ya ɗoru a kai kuɗi za ki biya. Bayan duk wannan sai ki sake zama a sama, awa uku daga Delhi, awa biyu daga Mumbai. Lafiyayye zai yi wannan duka yana taunar cingam. Amma ki ƙiyasta tsohuwar da ƙugunta ya lalace, ta kwana a zaune, ga akwati shida, ga harshen da ba kya ji.

Mai tikiti ya shimfiɗa mana hanyoyin a takarda, ya ce ta Mumbai ta fi sauƙin kuɗi. Kuɗin kuwa ba a banza suke ba, sai da aka sayar da fili aka haɗa da gudummawar dangi. Na tambaye shi sau nawa za a ɗaga Inna daga kujera a kowace hanya. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ban taɓa jin wanda ya yi wannan lissafin ba." Muka ƙirga tare. Ƙanina ya dube ni ya ce, "Yaya, araha ba ta ado, mu bi ta Doha." Muka yanki tikiti guda daga Kano har Koci, kayanmu ba mu sake ganinsu ba sai a can. Tun ranar kuma muka sa ya rubuta a jikin tikitin cewa muna buƙatar keken marasa lafiya a kowane zango. Kyauta ne, amma ana so a sanar da kamfanin akalla kwana biyu kafin tashi.

Takardu kuwa, su ne rabin tafiya. Marar lafiya bizar magani ake ba shi, masu jinya kuma tasu daban ce, ba sa wuce mutum biyu, kuma sai da wasiƙar gayyata daga asibitin ake nema a ofishin jakadancin Indiya na Abuja ko na Legas. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Kada ki yi wasa da shi, domin Indiya ba ta ɗaga ƙafa a kansa, wanda ya zo daga ƙasarmu babu shi ana iya killace shi har kwana shida. Allurar kuma ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana goma, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake yin ta ba. Tun 2014 suka ƙara wa matafiyan Nijeriya sharaɗin ɗigon shan-inna mako huɗu kafin tashi, mu ma sai da muka buɗe baki aka ɗiga mana kamar 'yan goye, Inna tana ta faɗa wai ita da jikoki. Daga Oktoban 2025 kuma katin isowa da a da ake cikewa da biro sun mayar da shi intanet, ana cike shi cikin kwana uku kafin sauka. Magungunan marar lafiya su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, musamman na kashe zafi, domin ƙasashen Larabawa suna da tsanani a kansu.

Daga ƙasarmu zuwa Doha tafiyar awa bakwai ce ko kusa da haka, daga Doha zuwa Koci kuma awa huɗu da 'yan mintoci. Jirgin nan na biyu shi ya fara buɗe mini ido. Na ɗauka zan ga 'yan kasuwa da masu yawon shaƙatawa, sai na gan shi cike da maza magidanta, fuskokinsu duk rana ta dafa, hannayensu sun yi kanta. A wurin ɗaukar kaya ma katan-katan ne suka fi akwati yawa, an ɗaɗɗaure su da igiya, an rubuta suna da manyan baƙaƙe. Leburori ne da magina da direbobi da masu tsaron kanti, da 'yan mata ma'aikatan jinya, kowa ya samu hutu zai je ganin gida. Mutanen Kerala fiye da miliyan biyu ne ke zaune a ƙasashen waje, mafi yawansu a ƙasashen Larabawa. Su ne dalilin da ya sa garin da ba mu taɓa jin sunansa ba yake da jirage zuwa Dubai da Sharja da Abu Dabi da Doha da Maskat da Kuwait da Baharain da Jidda da Riyad da Dammam, ban da na gabas masu zuwa Singafo da Kwala Lamfur da Bankok da Kolombo. Jihar guda ɗaya filayen jirgi huɗu gare ta da ke karɓar jiragen waje. Ashe hanyar da muka bi da marar lafiyarmu 'yan ci-rani ne suka share ta da ƙafarsu, mu raɓa muka yi.

Cikin dare muka sauka, don yawancin jiragen ƙasashen Larabawa tsakanin tsakar dare da asuba suke isowa. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, wannan rabin awar ya daɗe yana rikita ni in zan kira gida. A bakin ƙofar jirgi muka tarar da mai keke yana jiran Inna. Teburin farko na ma'aikatan lafiya ne, suka duba katin shawara. Daga nan sai jami'an shige da fice, suka nemi wasiƙar asibiti, suka ɗauki hoto da zanen yatsu. Muka kwashi kaya, muka canza 'yan kuɗi kaɗan zuwa rufi don hidimar ranar farko, ragowar muka bari sai cikin gari. Duk abin a gini guda, tafiyar ba ta da tsawo, ba hawa mota ba sauka. Wanda asibiti bai aiko masa mota ba, akwai teburin tasi a nan ciki, ki faɗi inda za ki, ki biya, a ba ki rasit, babu ciniki da direba a waje. Filin yana wani wuri da ake kira Nedumbasseri, kamar kilomita 30 daga tsakiyar gari. Da motarmu ta hau titi Inna ta dafe ƙirji, sai kuma ta yi dariya, ta ce haka ake tuƙi a Kano tana budurwa. Gaskiyarta, su har yanzu hannun hagu suke bi, mu kuwa a 1972 muka koma dama. Kafin a kira asalatu tana kwance a gadon asibiti.

Kwana biyu bayan nan na haɗu da wata baiwar Allah 'yar Gombe da ta kawo maigidanta. Su ta babbar ƙofa suka shigo, da tikiti biyu da wani ejan ya haɗa musu, bai bar musu isasshen lokaci a tsakani ba. Layin fasfo ya yi tsawo, kafin su kwashi kaya su isa ɗaya ginin jirgi ya tashi. Suka sayi sabon tikiti, suka biya kuɗin nauyi, suka yini a benci da mutumin da ake yi wa wankin ƙoda. Ta ce da ni, "'Yar'uwa, ranar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka faɗa mana ciwon." Abin da suka yi tattali a tikiti ya tafi har da riba. Ba cewa nake babbar ƙofa ba ta da amfani ba, wanda asibitinsa ke Delhi ko Mumbai ai ita ce tasa. Magana ita ce a dubi inda gadon asibitin yake, a nemi filin jirgin da ya fi kusa da shi, sannan a nemi jirgin da ke sauka can daga waje.

Wani abin dariya, Indiyancin da muka haddace a fim bai tsinana mini komai ba. Mutanen Kerala Malayalam suke yi, harshe ne daban da rubutunsa daban, duk a murɗe kamar an zuba taliya. Na gwada 'yan kalmomina a kan mai tura keke, ya kaɗa kai gefe da gefe, na ɗauka a'a yake nufi, ashe haka suke cewa to. Abin da ya cece mu shi ne ɗan Turancin makaranta, sai kuma, ki ji mamaki, Larabci. Da yawansu sun yi shekaru a Saudiyya ko Dubai, direbanmu da Inna da 'yan kalmomin da ta tsinto a aikin Hajji suka yi ta hira. Dama can tun zamanin jiragen ruwa Larabawa ke zuwa gaɓar nan sayen masoro da citta da sauran kayan ƙamshi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar Musulmi ne. Abinci bai ba mu wahala ba, ga shinkafa da kifi, ga naman sa, har rogo suke dafawa su ci da miyar kifi mai yaji, sai dai komai nasu da man kwakwa.

Zaman jinya yana da tsawo, baki kuma ba ya zama haka nan, sai na yi ta tambaya a kan filin jirgin nan, don tsabtarsa da tsarinsa sun tsaya mini a rai. A da can jirage a wani ƙaramin filin sojan ruwa suke sauka, wanda ba ya ɗaukar manyan jirage, sai ɗan ci-rani ya sauka Bombay sannan ya nemo hanyar gida, irin wahalar nan dai da na bayyana miki. Hukumar filayen jirage ta ƙasa kuma ba ta da kuɗin gina sabo. Sai wani jami'in gwamnatin yankin mai suna V. J. Kurian ya kawo shawarar a kafa kamfani, gwamnatin jiha ta zuba nata, jama'a su sayi hannun jari. Mutanen jihar mazauna waje kusan 10,000, daga ƙasashe wajen 30, suka sa kuɗinsu. Ranar 25 ga Mayun 1999 shugaban ƙasar Indiya K. R. Narayanan ya buɗe shi, ya zama filin jirgi na farko a ƙasar da aka gina da haɗin gwiwar gwamnati da jama'a. Waɗanda aka tasa daga gidajensu ma ba a watsar da su ba, an ba wasu aiki a filin, wasu izinin tasi. A 2023 matafiyan da suka bi ta cikinsa sun haura miliyan 10. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kin ga abin da hannu da yawa ya ɗaga.

Ba su tsaya nan ba. Da kuɗin wuta ya ishe su, sai suka shimfiɗa farantan sola fiye da 46,000 a kan fili eka 45, a watan Agustan 2015 ya zama filin jirgi na farko a duniya da rana ke biya masa dukan buƙatarsa ta lantarki. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a kan haka. A tsakanin farantan kuma kayan lambu suke nomawa, ruwan da aka wanke farantin shi ke shayar da shukar. Da na ji wannan sai na tuna ranar da ke dukanmu a watan Afrilu, da yadda muke kwana fifita, na yi shiru.

Sai dai kowane gari da nasa. Nasu ruwa ne. Daminarsu tana kamawa daga farkon Yuni zuwa Satumba, ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Agustan 2018 kogin Feriyar ya yi ambaliya ya shanye titin jirage, aka rufe filin kamar mako biyu, sai ranar 29 ga wata aka buɗe. Shekarar da ta biyo ma an sake rufewa na 'yan kwanaki. Ciwon gaggawa ba ya jiran rani, wannan gaskiya ne, amma idan aiki ne irin na Inna wanda likita zai iya sa wa rana, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya fi zauna mini a zuciya kuwa ba gini ba ne. Daren da muka sauka, da muka fito ƙofar waje, na ga taro kamar ana sallar idi, ƙarfe uku na dare. Mata ne da yara da tsofaffi, sun jingina da ƙarfen shinge, kowa ya kafa wa ƙofa ido. Wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba uwarta na tura ta wurin wani mutum da ya durƙusa ya buɗe hannu, ita kuwa tana noƙewa tana ɓuya a bayan zane, ba ta san shi ba. Wata nas da ke kula da Inna ta ce mini haka ita ma ta tashi, mahaifinta ya fi shekara ashirin a Jidda, bayan shekara biyu-biyu yake zuwa. Uwarta ce ta tsaya kan ginin gida, ita ta kai su makaranta, ita ta yi jinyar surukai har suka rasu. Inna ta saurara, na fassara mata, ta ce, "Ke 'yar nan, ce mata mun san wannan." Ai kuwa mun sani. Mace nawa ce a cikinmu mijinta ke Legas ko Fatakwal, ko Gabon, ko Libiya, ko Saudiyya, daga salla sai salla, wani ma sai shekaru? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da ba ku jin harshen juna.

Kuma ba kowa ke fitowa ta ƙofar nan da ƙafarsa ba. Ranar 12 ga Yunin 2024 gobara ta tashi a wani ginin kwanan ma'aikata a Mangaf ta ƙasar Kuwait, mutane kusan 50 suka rasu, fiye da 20 'yan Kerala ne. Bayan kwana biyu jirgin sojan Indiya ya sauka a wannan filin na Koci da gawa 45. Da na ji labarin muna gida, matan nan na bakin shinge suka faɗo mini. Sauƙin da muka samu na sauka kusa da asibiti, wasu ne suka biya shi da shekarunsu, wasu da rayukansu.

Bayan mako biyar Inna ta fara takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, likita ya rubuta mana takardar shaidar cewa za ta iya hawa jirgi. Ki tabbata kin karɓi wannan takarda, don kamfanin jirgi na iya nema ga wanda aka yi wa aiki. Komawa ma tana da nata ladabin. A Indiya ba a shiga ginin matafiya sai an nuna tikiti da fasfo ga jami'in tsaro a bakin ƙofa, masu rakiya a waje suke tsayawa, shi ya sa a nan ake koke-koken ban kwana. A ciki, a sabon ginin jiragen waje da aka buɗe a 2017, akwai gumakan giwaye 15 a jere, an yi musu ado irin na bikinsu, Inna ta tsaya sai da ta ƙirga su. Wurin bincike kuwa ya burge ni, mata layinsu daban, akwai ɗan ɗaki mai labule, mace ce za ta duba ki, ko mayafi za a ɗaga ba a gaban maza ba. Akwai ɗakin salla. Tsarabar kayan ƙamshi, masoro da kirfa da kanumfari da kurkum, ki zuba su a babban akwati, ba a barin garin yaji a jakar hannu. Busasshiyar kwakwa kuwa kada ma ki saya, ba a shiga jirgi da ita ko a ina kika sa, saboda manta yana kama wuta. Batirin ajiyar caji shi kuma akasin haka ne, a jakar hannu yake tafiya.

Da muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano na daɗe ina tunani. Garinmu ne jirgin sama ya fara sauka a duk Nijeriya, tun 1925, lokacin da ko mafarkin filin Koci ba a yi ba. Mu ma muna da 'yan kasuwa da alhazai da ɗalibai da 'yan ci-rani, muna da rana, muna da masu kuɗi. Su abin da suka fi mu shi ne ba su zauna jiran a yi musu ba, kuma da suka gina ba su bar shi ya lalace ba. Babban fatanmu ma ai shi ne a wayi gari asibitocinmu sun wadatar, babu mai sayar da fili don a gyara wa uwarsa ƙugu a wata uwa duniya.

Kafin wannan rana ta zo, 'yar'uwa, in jinya ta faɗo kanki, kada kunya ta hana ki zama a wurin da ake yanke maganar tikiti. Ki tambaya a wane gari asibitin yake, wane filin jirgi ya fi kusa da shi. Ki tambaya tikiti guda ne ko biyu, a ina za a sake ganin kaya, awa nawa ne tsakanin jirgi da jirgi. Ki tambaya an rubuta keke ko ba a rubuta ba. Ki riƙe fasfo da katin shawara da wasiƙar asibiti a jakar da ke rataye a jikinki. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba rashin kunya ba ne mace ta san hanyar da za a bi da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya mayar da matafiya ga iyalansu lami lafiya, namu da nasu, amin.